Kwana uku ina neman waifai bayan na sa Linux Mint

Ni malamin makaranta ne ba ɗan kwamfuta ba, aikin da nake da laftof bai wuce buga tambayoyin jarabawa da haɗa sakamakon yara a ƙarshen zango ba, sai ɗan karance-karance da daddare in akwai data. Laftof ɗin ma ta hannu ce na saya tun 2019, Core i3 ƙarni na biyar, RAM giga 4, kuma a ƙarshe-ƙarshen nan ta kai matsayin da in na kunna ta sai na je na yi alwala na dawo kafin ta gama buɗewa. Ana cikin haka kuma sai ga zancen cewa Windows 10 za a daina ba shi sabuntawa daga 14 ga Oktoban 2025, shi kuma Windows 11 ba ya karɓar irin tawa tunda sai ƙarni na takwas zuwa sama yake so da wani abu wai TPM 2.0, to ni ina na ga kuɗin sabuwar laftof a wannan marra.

Ɗan yayata ne ya kawo shawarar Linux, wato wani tsarin da ake sa wa kwamfuta a madadin Windows, yana karatun kwamfuta a Zariya. Da ya zo hutu ya ce Kawu wannan injin naka lafiyarsa ƙalau, kaya ne suka yi masa nauyi, ka sa Linux Mint za ka ga bambanci, kyauta ne kuma ba a neman wani lasisi. Ya saukar min da 22.1 wanda ya fito a Janairun 2025, kusan giga 3 ne, ya zuba min a filash da wata manhaja mai suna Rufus, ya nuna min maɓallin da zan danna in ta tashi daga filash ɗin, sai hutu ya ƙare ya koma makaranta kafin mu yi. Na kwashe takarduna na zuba a wani filash daban, wannan kam ya ja min kunne a kai sosai, ranar wata Juma'a da yamma na zauna na yi shi da kaina.

Sakawar ba ta ba ni wahala ba gaskiya. Amma akwai wuri ɗaya da ya kamata in faɗa tun yanzu don shi ne ya dawo ya cije ni daga baya. A tsakiyar aikin an tambaye ni ko ina son a sa min abubuwan kunna bidiyo da sauti, na ce eh, sai aka ce in ƙirƙiri wani fasiwod na Secure Boot, na rubuta wani abu kawai na wuce. Da aka gama ta sake tashi sai ga wani shuɗin allo mai rubutu kaɗan, a sama an rubuta Perform MOK management, akwai Continue boot akwai Enroll MOK da wasu, ni kuma a tunanina duk abin da ban sani ba gara kar na taɓa, sai na danna Continue boot. Ta buɗe, tsaf, da sauri kuma, wallahi na ji daɗi don rabon da in ga ta tashi haka har na manta.

Sai na kai linzami ƙasa wajen agogo zan haɗa waifai. Babu. Ba wai ta ga sabis ta ƙi haɗuwa ba, a'a, kwata-kwata babu ma wurin waifai ɗin, abin da ke akwai kawai na kebul ne shi ma an ce ba a jona ba. Na kashe na kunna, na danna maɓallin nan mai hoton jirgin sama da ke saman kibod, na sake dannawa, na haɗa da Fn, ban san sau nawa na danna shi ba a daren nan. Shiru. Hankalina ya tashi don ranar Litinin ake son in tura tambayoyin aji uku ta imel, kuma zuciyata ta fara raya min cewa na ƙona wani abu a ciki ne garin karambani.

Washegari Asabar na ɗauke ta na tafi Beirut Road wajen wani mai gyara. Mutumin kirki ne bai karɓi ko sisina ba, ya duba ya ce Malam katin waifai ɗinka lafiya lau yake tunda jiya yana aiki, direba ne babu, amma shi gaskiya bai saba da wannan ba, in ina so ya mayar min da Windows yanzu-yanzu. Na tsaya na yi shiru, don har na kusa cewa to. Abin da ya hana ni shi ne saurin nan da na gani, da kuma kalmar da ya faɗa, direba ne babu, wato manhajar da ke sa katin ya yi aiki, abu ne da ake sakawa ba abin da ya lalace ba. Na yi masa godiya na dawo gida.

Da daddare na kira yaron. Farkon abin da ya ce shi ne Kawu sai mun samar mata intanet ta wata hanya tukuna, don direban a intanet yake, kuma nan ne abin yake ɗaure wa sabon shiga kai, kana buƙatar intanet kafin ka gyara abin da zai ba ka intanet. Ni ba ni da rawuta a gida balle in ja kebul, da hotsifot ɗin waya nake amfani. Ya ce in jona wayar da kebul ɗin caji in shiga saitin hotsifot in kunna USB tethering. Na jona, wayar tana caji amma wurin kunnawar ya yi dishi-dishi ba ya dannuwa, muka yi ta juyi kusan rabin awa, sai can ya ce wai wane kebul ne wannan, na ce na fitilar caji ne da na samu a kusa. Ashe akwai kebul ɗin da wuta kawai yake ɗauka ba ya ɗaukar data, ban taɓa sanin haka ba sai ranar. Na karɓo na uwargida wanda ya zo da wayarta, ina jonawa wurin ya buɗe, ina kunnawa laftof ta nuna an haɗu kamar an sa mata kebul ɗin ofis, ba a nemi komai ba.

A nan ne na yi kuskure na biyu. Yaron yana da gwaji da safe ya ce zai kira ni gobe, ni kuma ganin intanet ta samu sai na ce bari in gwada da kaina. Na shiga YouTube na rubuta matsalar, bidiyo ya fi a ƙirga, kowa da abin da yake cewa a rubuta a Terminal, wannan baƙin allon da ake ba kwamfuta umarni da rubutu, Ctrl da Alt da T ne ke buɗe shi. Na bi na farko, na bi na biyu, wani ya ce a sa firmware-b43-installer na sa, aka ci min data aka gama, na kashe na kunna, babu abin da ya canza. Ko sudo ɗin ma, kalmar da ake fara rubutawa in umarni na buƙatar izinin mai kwamfuta, sai da ya ba ni tsoro, don in ya nemi fasiwod kana bugawa ba ka ganin haruffan, a wasu na'urorin ma ko tauraro ba ya fitowa, sai ka ɗauka kibod ɗin ne ya tsaya alhali yana karɓa, bugawa kawai za ka yi ka danna Enter. Haka kuma kwafa da liƙawa a can sai ka haɗa da Shift, Ctrl da Shift da V, in ba haka ba ba zai liƙu ba. Wajen ƙarfe ɗaya aka ɗauke wuta batir kuma dama ba ya jimawa, na rufe na kwanta raina a jagule.

Abin da ban gane ba a daren shi ne duk masu bidiyon nan ba ƙarya suke ba, kowa maganin katinsa yake bayarwa. Katin waifai iri-iri ne, akwai na Intel akwai na Realtek akwai na Qualcomm Atheros akwai na Broadcom da MediaTek, kuma ko a kamfani ɗaya ma kowane samfuri da direbansa, laftof biyu masu suna ɗaya a jiki za ka iya buɗewa ka tarar katinsu daban. Ni kuwa ina ta shan maganin wasu ban ma san cutar da ke damuna ba.

Lahadi bayan azahar ya kira. Na fara ba shi labarin abubuwan da na saka, ya ce Kawu tsaya, kafin komai mu tambaye ta wane kati ne a cikinta. Ya turo min wannan ta WhatsApp:

lspci -nnk | grep -iA3 net

Na buga da hannu ya ƙi, aka ce command not found, ashe harafin farko ƙaramin L ne ni kuma na sa babban i, a waya kamanninsu ɗaya. Sandar nan ta tsakiya ma sai da na neme ta, tana kan maɓallin da ke saman Enter, da Shift ake fito da ita. Kuma babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurin, A ɗin nan dole babba. Da na gyara sai ga layuka sun fito, na ɗauki hoto na tura masa. Akwai na kebul a sama, a ƙasa kuma an rubuta Network controller, Broadcom, BCM43142, sai wata lamba a ƙarshe 14e4:4365. Ya ce yauwa, wannan lambar ita ce sunan yankan katin, 14e4 na kamfanin ne, 4365 na samfurin, da ita ake bincike ba da sunan laftof ba. Ya ce in duba layin da aka rubuta Kernel driver in use, in komai daidai ne wl ya kamata in gani a wurin, ni kuma babu shi.

Sannan ya yi min bayanin da ya zauna min sosai. Yawancin direbobi a Linux suna cikin kenel ne, wato zuciyar tsarin, shi ya sa mai katin Intel yana gama sakawa waifai ke kamawa bai ma san an yi wani abu ba. Nawa kuma direbansa ba buɗaɗɗe ba ne, lasisinsa daban, don haka ba a haɗa shi cikin kenel ɗin, sai dai kai ka ce a saka maka. Wancan b43 da na saka da daddare na wasu tsofaffin katunan kamfanin ne, bai san nawa ba sam. Muka cire shi da sudo apt purge firmware-b43-installer don kar ya zauna a banza.

Abin mamaki saka direban ma ba a baƙin allon ake yi ba. Ya ce in fara yin sudo apt update, sannan in buɗe menu in nemi Driver Manager. Na buɗe, ya ɗan yi bincike, sai ga sunan katina da zaɓi biyu, ko a bar shi ba direba ko a sa broadcom-sta-dkms, na zaɓa na danna Apply, ya ɗauki 'yan mintuna ya ce in sake tayar da ita. Daga baya ma na ji cewa da na mayar da filash ɗin da na yi sakawar da shi, Driver Manager yana iya ɗauko direban daga cikinsa ba sai da intanet ba, da na san haka da ban sha wahalar kebul ba, amma ba komai ilimin kebul ɗin ma ya yi min rana.

Ta tashi, na kai linzami wajen agogo da bismillah. Babu dai. Wallahi a lokacin jikina ya yi sanyi, na ce masa anya ba haƙura zan yi in koma wajen mai gyaran nan ba. Ya ce Kawu don Allah ƙara min minti goma, yanzu ai mun san inda muke, a da ne muke lalube. Ya ce in rubuta sudo modprobe wl, wato in umarci direban ya tashi da hannu mu ji me zai ce. Sai ga amsa layi ɗaya, ƙarshenta Key was rejected by service. Ya yi dariya ya ce shikenan an kama ɓarawon, rubuta mokutil --sb-state, na rubuta, aka ce SecureBoot enabled. Sai ya tambaye ni, ranar da ka saka ba ka ga wani shuɗin allo ba? Na ce na gani mana, na wuce shi.

Yadda na fahimci abin, Secure Boot kamar maigadi ne a bakin ƙofa tun kafin tsarin ya tashi, ba ya barin wani abu ya shiga cikin kenel sai mai ɗauke da sa hannun da ya sani. Direban nan nawa a cikin laftof ɗina aka harhaɗa shi, aka sa masa hannu da wani makulli da ita laftof ɗin ta ƙirƙira ranar sakawa, to shuɗin allon nan shi ne wurin da zan gabatar da makullin ga maigadin in ce na gida ne, fasiwod ɗin da aka sa ni ƙirƙira kuma don wannan ne. Da na danna Continue boot sai ya zama ban gabatar ba, direba yana nan a zaune lafiyarsa ƙalau amma an hana shi shiga. Abin da ya fi damuna a nan shi ne babu wani saƙo da ya fito ya gaya min, sai da muka tambaya da kanmu, kuma ina ganin mutane da yawa a daidai nan suke karaya su ce Linux ba ya aiki a injinsu.

Hanya biyu ce ya ce. Ko in shiga BIOS, wato saitin injin da ake shiga tun kafin tsarin ya tashi, in kashe Secure Boot gaba ɗaya, wanda shi ne mafi sauƙi kuma mutane da yawa haka suke yi, ko kuma in dawo da shuɗin allon in yi abin da ya kamata tun farko. Na ce maigadin nan tunda amfani yake yi a bar shi, mu bi ta biyun. Ya turo:

sudo mokutil --import /var/lib/shim-signed/mok/MOK.der

Wannan karon kwafa na yi ban buga da hannu ba, ta WhatsApp na burauza. Aka ce in sa sabon fasiwod sau biyu, ya ce in sa mai sauƙi don sau ɗaya za a yi amfani da shi, lambobi zalla ma sun isa, na rubuta a takarda. Na sake tayar da ita, shuɗin allo ya dawo yana cewa a danna kowane maɓalli, kuma ba ya jira da yawa, in ka yi sanya zai wuce. Na danna, na sauka kan Enroll MOK, Continue, Yes, na buga lambobin, Reboot. Linzami ba ya aiki a wurin sai kibiyoyin kibod.

Da ta buɗe sai na ga kalmar Wireless ta bayyana a karon farko cikin kwana uku, amma a kashe, ina kunnawa tana komawa. Ya ce rubuta rfkill list. A ƙarƙashin Wireless LAN an sa Soft blocked: yes, Hard blocked: no. Ya ce soft na nufin daga cikin tsarin aka toshe, hard kuma maɓalli ne ko makunni na jikin injin, wataƙila danne-dannen da na yi ranar Juma'a ne ya bar ta a yanayin jirgi. Muka yi rfkill unblock wifi, ban ma ɗauke hannu daga kibod ba sai ga sunaye suna jeruwa, na maƙwabta, na shagon POS ɗin bakin layi, har da wani da ban san na waye ba. Na yi hamdala da ƙarfi har uwargida ta leƙo.

Saura abu ɗaya, hotsifot ɗina ni ba ya cikin jerin. Na cire kebul, na kashe na kunna a wayar, na kusanto da ita har tana taɓa laftof ɗin, wayar uwargida tana ganinsa laftof ba ta gani. Wannan kam ni na gano shi da kaina kuma na ji daɗin hakan, don na koma kan hoton da na ɗauka na ga bayan sunan katin an rubuta 802.11b/g/n, na bincika da lambar nan kamar yadda ya koya min, sai na ga katin 2.4 GHz kaɗai yake kamawa. Na shiga saitin hotsifot na tarar yana kan 5 GHz, na tuna wani abokin aiki ne ya canza min kwanakin baya a ofis ya ce ya fi sauri, tun lokacin kuma ban haɗa laftof da shi ba sai waifai ɗin makaranta. Na mayar 2.4, cikin daƙiƙa biyar sunan ya fito, na sa fasiwod, ta haɗu. Ƙarfe biyar saura na yamma, na tura tambayoyin aji uku kafin magariba.

Na tambaye shi ko duk lokacin da aka yi sabuntawa sai na sake wannan aikin, ya ce a'a, haruffan dkms ɗin da ke ƙarshen sunan aikinsu kenan, in sabon kenel ya zo su sake harhaɗa direban su sa masa hannu da makullin nan da na riga na gabatar. Ya ce amma in wata rana aka sabunta waifai ya ɓace, kar in firgita, in shiga GRUB, wato menu ɗin da ake zaɓar tsarin da za a tashi da shi lokacin kunnawa, in zaɓi Advanced options in tashi da tsohon kenel, sannan in kira shi. Bayan sati biyu sabuntawar kenel ta zo, na yi ta da faɗuwar gaba, ta tashi waifai yana nan.

Na samu ƙaramin littafi na rubuta umarnin nan guda huɗu da abin da kowanne yake tambaya, lspci wane kati, modprobe me ya hana direba tashi, mokutil maigadi na nan ko baya nan, rfkill an toshe ko ba a toshe ba, da lambar katina a saman shafin, yana cikin jakar laftof tare da filash ɗin da kebul mai ɗaukar data da na saya nawa na kaina. Wani abin da na samu a hanya ban nema ba, a saitin kibod akwai na Hausa a ciki, yanzu ƙ da ɗ da ɓ ina buga su kai tsaye a takardun yara ba sai na je ina kwafowa daga wani wuri ba.

A watan da ya biyo baya wata malama a makarantarmu ta kawo tata ta ce ita ma a sa mata, ta ga tawa tana gudu. Kafin in taɓa komai na tayar da ita daga filash ɗin ba tare da na saka ba, tunda yana bari ka gwada a haka, na buɗe Terminal na buga lspci ɗin nan daga littafina. Katinta na Intel ne, a layin direba an rubuta iwlwifi, na kai linzami wajen agogo na tarar har ta jero waifai ɗin makaranta tana jiran fasiwod. Na ce Malama taki ba ta da matsala, kawo filash mu fara kwashe takardunki, in kuma shuɗin allo ya fito ki kira ni kafin ki danna komai.